Yadda Za Ka Zaɓi Hedifon Mai Daraja Gwargwadon Kiɗan da Kake Sauraro

Wata Asabar bayan la'asar ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida a Aboabo, yana riƙe da wani hedifon da yayansa ya aiko masa daga Amurka, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "Kawu, sa wannan a kunnenka ka ji abin da ake kira sauti." Na cire hula na ɗora shi, shi kuma ya kunna mini irin kiɗan Asakaa da samarin Kumasi ke ji da shi. Gaskiya ne, gangar ta sauko da nauyi har ina jin ta a muƙamuƙi. Sai na ce masa ya nemo mini tsohuwar waƙar kalangu a cikin wayata. Da ta fara, muryar mawaƙin ta koma can baya kamar wanda yake magana daga cikin ɗaki an rufe ƙofa, 'yan amshi suka cakuɗe da juna, kalangun kuma ya zama wani gurnani marar baki. Hedifon ɗin ba na banza ba ne, kuma an biya kuɗi masu yawa a kansa, amma an gina shi ne domin wani kiɗa dabam da nawa.

Wannan shi ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagora. Yawancinmu idan za mu sayi kayan sauti muna tambayar wanne ya fi tsada ko wanne ake yayi, alhali tambayar da ta dace ita ce wane kiɗa zan ji da shi, a ina, kuma da wace na'ura. Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage ji ne kaɗai alƙali.

Mataki na farko: san abin da kake ji da gaske

Kafin ka taka ƙafarka zuwa shagunan Adum a tsakiyar Kumasi, buɗe wayarka ka duba abin da ka saurara a cikin watan da ya wuce, ka rubuta guda goma da ka fi maimaitawa. Kada ka rubuta abin da kake sha'awar a ce kana ji. Rubuta abin da hannunka ke kaiwa gare shi bayan sallar isha'i ko a cikin motar zuwa aiki. Mutumin Zango kunnensa gida biyu ne ko uku: da safe ƙasida ko karatu, da rana hailaif a rediyon shago, da dare waƙar fim ɗin Hausa ko ta Indiya. Wannan jerin goman shi ne ma'auninka har zuwa ƙarshen ciniki.

Sannan ka duba ingancin su kansu waƙoƙin. Faifan CD yana ɗauke da sauti a kan kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, fayil ɗin MP3 mai kyau yana kan 320, amma da yawa daga cikin abin da ake tura wa juna a waya yana kan 128 ne ko ƙasa da haka, wani ma an ɗauke shi daga kaset, an tura, an sake turawa har ya gaji. Hedifon mai daraja ba ya gyara irin wannan. Hasali ma tona masa asiri yake yi, domin yana fito da shuuu ɗin kaset da ƙarar da matse fayil domin rage girmansa ta haifar fiye da yadda iyafis mai araha zai fito da su. Idan takwas daga cikin gomanka irin waɗannan ne, ka fara da neman kwafi mai tsabta, ko a Boomplay da Audiomack, ko a Spotify wanda ya shigo Ghana a 2021, ko a Apple Music wanda shi ma a 2021 ya fara bayar da sauti mai ingancin CD.

Mataki na biyu: raba sauti gida uku

Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga Hz 20 zuwa kusan Hz 20,000, kuma saman wannan ma'auni yana raguwa yayin da shekaru ke ja. Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babbar lamba siriri. Ba sai ka zama injiniya ba, amma dole ka iya raba abin da kake ji gida uku, in ba haka ba mai shago zai yi ta magana kana gyaɗa kai.

Gida na farko shi ne ƙasa, wanda ake kira bes, daga Hz 20 zuwa wajen 250. Shi ma kashi biyu ne, kuma bambancin yana da muhimmanci ƙwarai. Akwai can ƙasa, daga Hz 60 zuwa abin da ya yi ƙasa, wanda jiki ke ji kusan fiye da kunne. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kan Hz 41 ne. Akwai kuma saman bes ɗin, wajen Hz 100 zuwa 250, inda dukan ganga ke samun ƙiba. Hedifon da aka cika wa wannan kashi na biyu shi ne ke burge mutum a minti na farko, kuma shi ne ke danne murya, domin ƙibar tana malalowa ta rufe abin da ke samanta. Abin da ya faru da waƙar kalanguna ke nan a ƙofar gida.

Gida na biyu shi ne tsakiya, daga wajen Hz 250 zuwa 4,000. A nan murya take, da goge, da algaita, da jita, da ƙahonin hailaif. Ramin kunnenmu da kansa yana ƙara wa sauti ƙarfi a wajen Hz 3,000, shi ya sa hedifon mai kyau yake ɗan ɗagawa a wannan wuri domin ya kwaikwayi yadda muke jin mutum idan yana gabanmu. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman ya tabbatar da cewa yawancin masu sauraro sun fi son sauti mai wannan ɗagawa a tsakiya tare da ƙarin bes a can ƙasa, kuma kamfanoni da yawa a yau suna auna kayansu da wannan ma'auni.

Gida na uku shi ne sama, inda kacau-kacau da ƙarar ƙarfe da harafin "s" da "sh" suke. Idan ya yi daidai sauti yana samun iska da haske. Idan ya yi yawa a tsakanin Hz 5,000 da 8,000, kowace "s" sai ta zama kamar allura, bayan rabin awa kuma ka ji kanka ya yi nauyi.

Mataki na uku: ina za ka zauna da shi

Hedifon manya iri biyu ne ta fuskar gini. Akwai mai buɗaɗɗen baya, wanda bayan kofinsa raga ce, iska na shiga tana fita. Sennheiser ne ya fara fito da irinsa a 1968 da samfurin HD 414. Akwai kuma mai rufaffen baya. Buɗaɗɗen ya fi ba da faɗi da sauti mai kama da na zahiri, kuma kunne ba ya yin gumi sosai a cikinsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a zafin watan Maris. Amma ba ya tare komai. Idan gidanku gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, ana daka fufu a gefe, yara na wasa, pragya, wato keke mai ƙafa uku, na wucewa a bakin titi, duk za su shigo cikin waƙarka, kuma wanda ke kusa da kai zai ji abin da kake ji. Wanda ba shi da ɗakin da zai rufe ya samu shiru na awa guda, kada ya zuba kuɗinsa a kan buɗaɗɗe, komai yabon da ya ji ana yi masa.

Mai yawan tafiya a motar Kumasi zuwa Akra ko zuwa Tamale zai fi amfana da marar waya mai kashe hayaniya, irin jerin WH-1000X na Sony ko QuietComfort na Bose. Ƙananan makirufo ne a jikinsa ke sauraron ƙarar waje, sai ya haifar da kishiyarta domin su soke juna. Wannan dabara tana cin gurnanin inji da na fanka da na janareta, wato ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, amma ba ta iya yin komai sosai da hon ɗin mota ko kiran 'yan talla a kasuwar Kejetia. Ka kuma tuna cewa batirinsa yana tsufa. Mai waya kuwa, in an kula da shi, yana iya shekara goma sha yana aiki.

Mataki na huɗu: haɗa hedifon da kiɗa

A nan ne zan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar.

Mu fara da waƙar baka ta Hausa. Waƙarmu magana ce kafin ta zama kiɗa: kirari, zambo, habaici, jerin sunayen iyaye da kakanni. Wanda bai ji kalmomi ba bai ji waƙar ba. Shi kansa kalangu magana yake yi, domin makaɗi yana matse igiyoyin fatar da ke jikinsa a hammata, sautin ya hau ya sauka yana bin karin harshe, kuma wannan hawa da saukar a ƙasan tsakiya suke zaune. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan ƙaramin gwangwani da aka rufe da fata, ba shi da wani bes da za a nema, duk daɗinsa yana cikin tsinkar tsirkiyar da yadda take amsa murya. Haka goge, haka ƙwaryar amada. Saboda haka mai wannan kunne yana bukatar hedifon da tsakiyarsa take a miƙe, samansa kuma mai laushi, domin yawancin waɗannan waƙoƙi an ɗauke su ne da kayan da, kuma sama mai kaifi zai sa shuuu ɗin tsohon faifai ya fi mawaƙin fitowa. A ra'ayina babu abin da ya kai Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997 kuma har yau ana ƙera shi, dacewa da wannan aiki, sai ƙaninsa HD 650 na 2003, wanda ya ɗan fi shi ɗumi. Duka biyun ba su da ƙarfi a can ƙasa, kuma faɗinsu matsakaici ne, amma murya a cikinsu tana tsayawa a gabanka kamar mai ita yana zaune a kan tabarma ɗaya da kai.

Wannan shawarar ita ce kuma ta masu sauraron ƙasida da bege da zikiri mai bandiri. Karatun Alƙur'ani ba kiɗa ba ne, ban kuma sa shi a wannan layi ba, amma da yake da yawanmu da hedifon ɗaya muke jin duka, yana da kyau a faɗa cewa mai son ya bambance mafitar haruffa, ya ji gunna da tsawon madda, shi ma tsakiya mai tsabta yake nema, kuma bes mai yawa cutar da shi zai yi.

Hailaif kuma buƙatarsa ta ɗan bambanta, kuma ya danganta da zamanin da kake so. Na manyan ƙungiyoyin rawa na shekarun 1950, irin na E.T. Mensah, ƙahoni ne a gaba, kuma an ɗauke shi a kan layi ɗaya ne, ba dama ba hagu, don haka faɗin hedifon ba zai ƙara maka komai ba. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ƙahon ya yi tsini ya soki kunne. Na jita kuwa, tun daga salon Koo Nimo na nan Kumasi har zuwa ƙungiyoyin jita na shekarun 1970, daɗinsa yana cikin saƙa: jita biyu ko uku kowace na bin hanyarta, ƙarfen dawuro yana riƙe da lokaci, bes yana yawo a ƙasa. A nan kana son hedifon da ke raba kayan kiɗa, kowanne ka iya binsa shi kaɗai da kunne. Masu faifan maganaɗisu shimfiɗaɗɗe, wato waɗanda ake kira filana, irin Sundara na Hifiman, sun ƙware a wannan, domin fatar da ke kaɗawa a cikinsu siririya ce ƙwarai kuma maganaɗisu na tura ta gaba ɗaya a lokaci guda, sai sauti ya tashi da sauri ya tsaya da sauri. Haka ma gangunan Asante, kete da fontomfrom, inda hannaye da yawa ke duka a lokaci guda: hedifon mai jan ƙafa zai mayar da su dunƙule ɗaya.

Sai kiɗan samari: Asakaa, hiplaif, afrobit na zamani da amapiano. Waɗannan an gina su ne a kwamfuta, kuma ginshiƙinsu bes ne na can ƙasa. A Asakaa, kamar sauran kiɗan diril, bes ɗin da ake kira 808 yana zamewa ne daga wannan murya zuwa waccan, sau da yawa a ƙasa da Hz 60. Idan hedifon bai kai can ba, rabin waƙar ya ɓace, kuma a nan HD 600 ɗin da na yaba zai ba ka kunya. Amma a lura, ba yawan bes ake nema ba, zurfinsa da tsabtarsa ake nema, ta yadda za ka ji zamewar a matsayin karin waƙa, kuma kalmomin mai rap ɗin, da Turancinsu da Twi ɗinsu da Hausarsu, su fito sarai a samansa. Rufaffu irin Beyerdynamic DT 770 Pro ko Audio-Technica ATH-M50x suna yin wannan aiki a farashi mai sauƙi-sauƙi, kodayake na farkon samansa yana da haske sosai, sai ka gwada shi da kunnenka. Wanda aljihunsa ya kai, filana irin Audeze LCD-X yana sauka har ƙasa ba tare da ya kumbura ba, sai dai nauyinsa ya haura giram 600, kuma wuya tana sanin haka bayan awa guda.

Waƙoƙin fim na Hausa da na Indiya suna da wata matsala tasu. Muryar mace a cikinsu siririya ce kuma tana can sama, kayan kiɗan na fiyano ne, kuma sau da yawa an ƙara wa sautin haske tun daga situdiyo domin ya fito a lasifikar waya. Ka haɗa wannan da hedifon mai kaifin sama, za ka cire shi kafin waƙa ta uku. Nemi mai laushi, ko marar waya wanda manhajarsa ke ba ka damar rage saman da hannunka.

Mai son jaz ko kiɗan gargajiyar Turai na babbar ƙungiya shi ne kaɗai zan ce ya dubi irin Sennheiser HD 800 S, wanda faɗinsa ya yi suna kuma kuɗinsa ya haura dala 1,000. Ga sauran jama'a, wannan faɗi ba shi ne abin da waƙarsu ke nema ba.

To idan jerinka ya haɗa kalangu da Asakaa fa, kamar yadda yake a gidaje da yawa? Shawarata ita ce ka zaɓi wanda tsakiyarsa take daidai kuma yana iya sauka ƙasa, sannan ka ƙara bes da ikwalaiza, wato abin da ke ƙara ko rage kowane gida na sauti, a lokacin da kake so. Ƙara wa hedifon mai tsabta desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) huɗu ko biyar a ƙasa da Hz 100 abu ne mai sauƙi. Ciro muryar da aka binne tun daga masana'anta kuwa wahala ce wadda ba kasafai take biyan bukata ba.

Mataki na biyar: abin da zai tura shi

A nan ni kaina na taɓa yin asara. Shekarun baya na ba da saƙo aka kawo mini wani hedifon na situdiyo daga Jamus, ban kula da lambar da ke jikin kwalinsa ba. Da na soka shi a wayata, na ƙure ƙara har ƙarshe, abin da ya fito siriri ne marar jini, har na fara zargin an sayo mini jabu. Wani ƙanena mai haɗa sauti a wurin biki ya juya kwalin ya nuna mini, ya ce, "Yaya, wannan om 250 ne, wayarka ba za ta iya ɗaukarsa ba." Ya soka shi a mikisarsa, sai ga sauti ya cika kamar ba shi ba.

Lambobi biyu za ka duba. Ta farko ita ce om, wato yadda hedifon ke tirjewa wutar da ke shigarsa. Daga om 16 zuwa wajen 50 yawanci waya ko kwamfuta na iya tura shi. 250 ko 300, kamar HD 600 da HD 650 waɗanda duka om 300 ne, yana son amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi. DT 770 Pro ana yin sa iri uku, om 32 da 80 da 250, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya, don haka ka faɗa wa mai kawo maka lambar da bakinka. Ta biyu ita ce yawan ƙarar da yake bayarwa a kan wutar da aka ba shi, wadda ake rubutawa da desibel. Filana da yawa om ɗinsu kaɗan ne amma suna da ƙishin wuta, saboda haka ƙarancin om shi kaɗai ba ya nufin waya za ta wadatar.

Maganin ba lallai ya yi tsada ba. Wayoyin yanzu da yawa ma ba su da ramin hedifon na milimita 3.5, sai an sa ɗan dongul a ramin caji, kuma dongul mai kyau, irin na FiiO da makamantansa, yana ɗauke da na'urar juya lambobi zuwa sauti tare da 'yar amfilifaya a ciki. Kada kuɗin wannan ya wuce na hedifon ɗin kansa, domin hedifon ne ke yanke yawancin abin da kunne zai ji. Wayoyin haɗi masu tsada da ake cewa suna ƙara daɗin sauti kuwa, ka bar su inda ka gan su.

Idan amfilifaya ta tebur ce za a kawo maka daga Amurka, duba bayanta da kyau. Wutar can bolt 120 ce, tamu 230, kuma wadda aka rubuta mata 120 kaɗai, maimakon 100 zuwa 240, tana iya ƙonewa a soka ta farko. Ka kuma sa mata abin kariya daga hawan wuta, saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke.

Game da Bluetooth, iPhone yana aika sauti da tsarin AAC ne, wayoyin Android kuma tun daga Android 8 suna iya amfani da LDAC na Sony, wanda ke kaiwa kilobit 990. Mai iPhone da ya biya ƙarin kuɗi saboda an rubuta LDAC a kwali bai sayi komai ba.

Mataki na shida: gwaji kafin biya

Sayen hedifon ba tare da an ji shi ba sayen kifi ne a ruwa. Je da wayarka, da dongul ɗinka, da waƙoƙin nan goma. Kada ka yarda a gwada maka da waƙar mai shago, domin ya san wadda ke fito da kayansa. Fara da murya zalla, wadda ka san ta kamar muryar mahaifiyarka, ka tambayi kanka ko mutumin ya yi kama da kansa. Daga nan ka sa mai bes mafi zurfi, sannan mai cunkoson kayan kiɗa, sannan mai yawan "s". Idan kana gwada biyu, daidaita ƙararsu tukuna, domin kunne yana ɗaukar wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, ko da bambancin kaɗan ne, kuma a ƙaramar ƙara kunne ba ya jin bes sosai.

Bar shi a kanka aƙalla minti goma sha biyar, kuma ka sa shi yadda za ka riƙa sa shi a gida. Rufaffen hedifon yana riƙe bes ne idan matashinsa ya manne da fata. Ƙafar tabarau mai kauri, ko gefen hula, ko ɗankwali da hijabi ga 'yan'uwa mata, suna buɗe 'yar kafa wadda bes ke zurarewa ta cikinta. Hajiyar da za ta riƙa sa shi a kan mayafi ta gwada shi a kan mayafin, kuma sau da yawa buɗaɗɗe ko ƙaramin na cikin kunne ya fi yi mata daidai. Duba kuma ko kunnenka yana taɓa cikin kofin, da ko maɗaurin yana danna tsakiyar kai.

Jabu ya yi yawa a kasuwa, musamman na samfuran da suka yi suna. Marar waya na gaske yana haɗuwa da manhajar kamfaninsa har ta karɓi sabuntawa, don haka sauke manhajar ka gwada a gaban mai kaya. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na ko'ina shaida ce a kan kayan. Nemi rasit da sharaɗin mayarwa a rubuce. Idan na hannu ne, wanda aka yi amfani da shi a waje, kunna murya ɗaya ka tabbatar tana tsakiyar kanka ba ta karkata gefe ba, sa bes mai zurfi ka saurari ko akwai kakkarwa, sannan ka murɗa wayar a bakin mahaɗinta ka ji ko sauti na yankewa.

Mataki na bakwai: kunnenka da kayanka

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba wannan lokaci biyu. Hedifon mai tsabta yana da yaudara, domin ba ya kakkarwa idan an ƙure shi, sai mutum ya yi ta ƙarawa bai sani ba. Idan ka cire ka ji kunnenka yana ƙara kamar kukan sauro, ka wuce iyaka. In abin ya ƙi tafiya bayan kwana biyu, je sashen kunne na asibitin koyarwa na Komfo Anokye a auna maka ji.

Yanayin Kumasi ba ya tausayin kayan sauti. Damina biyu muke yi a shekara, kuma laima da gumi suna sa matashin fatar roba ya fara ɓarewa yana barin baƙin gari a kunne da wuyan riga. Tun a shago ka tambaya ko matashin yana cirewa, ko wayar tana cirewa, kuma ko ana samun madadinsu. HD 600 da HD 25 na masu kiɗan biki sun daɗe a hannun mutane ne saboda kusan kowane sashe nasu ana iya canza shi. Idan ana kawo maka daga waje, sa a haɗo da matashi biyu na ajiya, domin idan ya lotse kunne yana matsowa kusa da lasifikar, sautin kuma ya canza. Goge shi da busasshen ƙyalle bayan kowane sauraro, bar shi ya sha iska kafin ka rufe, ka ajiye shi a jakarsa tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada ka bar buɗaɗɗe a rataye a fili, domin ƙurar tana bi ta ragar ta kwanta a kan fatar da ke kaɗawa, kuma wurin ba ya gogewa da hannu.